Daga Motar Kara Zuwa Motar Sikeli

Ya kai mai karatu, idan ka taso a ƙasar Hausa ko maƙwabtanta, da wuya a ce ba ka taɓa ganin yaro yana tura motar waya a gefen hanya ba, ko kuwa yana janye da motar gwangwani, bakinsa na kwaikwayon ƙugin inji. Manya sukan ɗauki wannan abu wasan yara ne kawai, su wuce abinsu. Amma a cikin wannan wasa akwai lissafi, akwai zane, akwai kuma sanin halin ƙarfe da na itace. A wasu ƙasashe ma dattawa masu furfura ne suke yin irinsa, har a shirya musu gasa. A wannan darasi za mu duba yadda ake ƙera ƙaramar mota wadda ta yi kama da babba ta kowace fuska. Za mu fara daga garin Potiskum, mu leƙa ƙasar Amurka mu ga yadda suke kwaikwayon tsofaffin motocinsu na tsere, sannan ka gwada da hannunka.

Potiskum, Garin Manyan Motoci

Potiskum, wanda Hausawa da yawa suke kira Fataskum, yana yammacin Jihar Yobe, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Borno a ranar 27 ga Agusta, 1991. Tsakaninsa da Damaturu, babban birnin jihar, kimanin kilomita 100 ne. Gari ne na Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce harshen da yake haɗa su a kasuwa da tasha. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta biyo ta Azare zuwa Maiduguri ta ratsa ta cikinsa, haka kuma hanyar Bauchi da ta Gombe duk a nan suke haɗuwa da ita.

Abu biyu suka fitar da sunan garin: kasuwar shanu da sana'ar sufuri. Kasuwar shanun Potiskum, wadda take ci ranar Laraba, tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma. Daga nan ake loda shanu a tireloli zuwa kudancin Nijeriya, su kuma tirelolin su komo da kayan masarufi. Saboda haka garin ya cika da direbobi da yaran mota da makanikai da masu walda da masu faci da masu fenti.

Yaron da ya tashi a irin wannan gari ba ya bukatar a kwatanta masa tirela. Ya san yawan tayoyinta, ya san inda kai yake haɗuwa da bodi, ya ga yadda ake kafa katako a sama domin masu rakiyar shanu, ya karanta rubutun da aka yi a bayanta. Abin da ido ya saba gani shi hannu yake kwaikwayo. Don haka za ka tarar yaran garuruwan da suke kan babbar hanya sun fi ƙera tirela da tanka da tifa, yayin da yaran ƙauye suka fi ƙera amalanke da a-kori-kura, domin su ne suke shigo musu ranar kasuwa.

Kara, Gwangwani da Waya

Motocin da yara suke ƙerawa iri uku ne, gwargwadon abin da aka yi su da shi.

Na farko shi ne motar kara. Lokacinta kaka, bayan an girbe dawa da gero, kara ya bushe. Karan dawa yana da ɓawo mai tauri da santsi a waje, da totuwa mai laushi a ciki. Yaro yakan ɓare ɓawon ya tsaga shi siri-siri, ya yanka totuwar gunduwa-gunduwa. Sai ya riƙa soka tsinken ɓawon a cikin totuwa, yana haɗa gunduwa da gunduwa, har siffar mota ta fito. Ba a bukatar ƙusa ko gam. Wani lokaci akan yi amfani da ƙayar aduwa wajen riƙe tayoyi, su kuma tayoyin a fafe su daga fasasshiyar ƙwarya. Motar kara ba ta da nauyi, kuma ba ta cin ko kwabo, sai dai ba ta daɗewa. Raɓa tana lalata ta, akuya ma idan ta same ta ba ta ƙyale ta.

Na biyu shi ne motar gwangwani. Ana yanka gwangwanin madara ko na tumatir ko na mai, a buɗe shi, a daddake shi ya miƙe, sannan a lanƙwasa shi ya zama kai da bodi. Tayoyinta marfin kwalba ne, ko kuma a yanko su daga tsohon silifas. Wannan ta fi ƙarko, tana kuma karɓar fenti, har a rubuta mata kirari a goshi kamar yadda ake yi wa gingimari.

Na uku shi ne motar waya. Ita ba ta da bango, ƙashi ne zalla. Ana tanƙwara waya ta fitar da layukan motar, a ɗaure mahaɗarta da siririyar waya ko tsagin robar tsohon tif. Abin burgewa a jikinta shi ne sitiyari: doguwar waya ce da ta taso daga tayoyin gaba har zuwa hannun yaron, yana tsaye yana murzawa, tayoyin suna karkata dama da hagu. Yaron da ya haɗa wannan ya riga ya fahimci wani ɓangare na aikin makaniki, ko da bai taɓa buɗe littafi a kansa ba. Irin wannan mota ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin ta ba. Ana samun ta a Malawi da Zambiya da Afirka ta Kudu da sauran sassan nahiyar.

Mene Ne Sikeli?

Yawancin motocin nan da ido ake auna su. Shi ya sa za ka ga wata kanta ya fi bodinta girma, wata kuma tayoyinta sun yi mata ƙanana kamar giwa a kan ƙafar akuya. Abin da ya raba motar wasa da motar da ake kira samfuri shi ne sikeli.

Ka tuna da taswirar da kuke nazari a darasin labarin ƙasa. A gindinta akan rubuta cewa santimita 1 a takarda tana wakiltar kilomita kaza a ƙasa. To, haka abin yake ga mota. Sikeli shi ne adadin da aka rage kowane ɓangare na babbar mota da shi, ba tare da an fifita wani ɓangare a kan wani ba. Idan aka rubuta 1:25, ana karanta shi “ɗaya bisa ashirin da biyar”, ma'ana santimita 1 a jikin samfuri tana daidai da santimita 25 a jikin motar gaske. Ka lura, duk lokacin da lamba ta biyu ta ƙaru, samfurin raguwa yake yi. Motar 1:64 ta fi ta 1:25 ƙanƙanta nesa ba kusa ba.

Bari mu ɗauki misali da motar da iyayenka suka sani sarai, wato Peugeot 504. An fara fito da ita a Faransa a 1968, daga baya aka riƙa haɗa ta a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975. Ta yi shekaru tana aikin gwamnati da na haya a hanyoyin Nijeriya, kuma ta ci gasar tseren Safari ta Afirka ta Gabas a 1975. Tsawonta santimita 449 ne, faɗinta 169, tsayinta 146, sannan tazarar da take tsakanin tayar gaba da ta baya santimita 274. Idan kana so ka ƙera ta a sikelin 1:25, sai ka raba kowace lamba da 25. Tsawo zai zama kusan santimita 18, faɗi kusan 6.8, tsayi kusan 5.8, tazarar tayoyi kusan 11. Idan kuwa a sikelin 1:10 ne, lissafin ya fi sauƙi: tsawo 44.9, faɗi 16.9, tsayi 14.6, tazarar tayoyi 27.4.

Akwai wani abu da yake ba ɗalibai mamaki. Idan ka rage tsawo sau 10, fatar motar, wato wurin da ake shafa wa fenti, raguwa take yi sau 100, domin 10 sau 10 ke nan. Cikinta kuwa yana raguwa sau 1,000, domin an rage tsawo da faɗi da tsayi gaba ɗaya. A ce motar gaske nauyinta kilo 1,200 ne. Da za a iya ƙera samfurinta na 1:10 da irin ƙarfenta, kowane kauri an rage shi daidai, da nauyinsa bai wuce kilo 1.2 ba. Wannan ne dalilin da ya sa ƙaramar mota takan faɗo daga kan tebur ta tashi lafiya, alhali babba ba za ta jure irin wannan faɗuwa ba.

Tsofaffin Motocin Tsere na Amurka

A Turai da Amurka kamfanoni sun daɗe suna ƙera ƙananan motoci bisa sikeli. A Ingila an fara sayar da motocin Dinky a 1934, aka bi su da na Matchbox a 1953, waɗanda aka yi su ƙanana ƙwarai har su shiga kwalin ashana. A Amurka kamfanin Mattel ya fito da Hot Wheels a 1968, yawancinsu a sikelin 1:64. Waɗannan a haɗe ake sayen su. Amma akwai wasu kamfanoni, irin su Revell da Monogram da AMT, da suke sayar da motar a wargaje cikin kwali, gutsattsarin roba masu yawa, tare da takardar bayani. Mai saye shi zai yanke su, ya goge, ya manna, ya yi fenti. Sikelin da aka fi amfani da shi a nan 1:24 ne da 1:25.

Cikin motocin da masu wannan sha'awa suka fi so akwai na wani irin tsere da ya samo asali a Amurka. Tseren ba shi da kwana ko zagaye. Motoci biyu ne suke jeruwa a kan miƙaƙƙiyar hanya, daga tsaye cik, a ba su alama su ɓarke da gudu, wadda ta riga isa ƙarshe ita ta ci. Tsawon hanyar rubu'in mil ne, wato kimanin mita 402. Samarin Kalifoniya ne suka fara shi a busassun tafkuna da kan tituna, abin da ya jawo haɗurra da yawa. A 1950 aka buɗe fili na musamman dominsa a wani filin jirgin sama a Santa Ana, sannan a 1951 wani mutum mai suna Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA domin a tsara dokoki, a raba tseren da titin jama'a.

Motocin shekarun 1950 da 1960 suna da siffa ta daban. Dogaye ne sirara, tayoyin gaba ƙanana kamar na keke, na baya kuwa manya masu faɗi, ba su da zane a jikinsu. Injin yana tsirara a gaban direba, shi kuma direban yana zaune can ƙarshen baya, a bayan sandar tayoyi. Dalilin wannan tsari shi ne, idan mota ta zabura, nauyinta komawa baya yake yi. To, tunda tayoyin baya ne suke tura motar, ana so nauyin ya danne su, su kama ƙasa maimakon su yi ta juyawa a wuri ɗaya. Tsawon motar kuma yana taimakawa wajen hana gabanta ɗagawa sama.

Wannan tsari yana da haɗari, domin duk abin da ya fashe a inji direba yake samu. A watan Maris na 1970, wani shahararren direba mai suna Don Garlits yana tsere a Long Beach sai akwatin giyar motarsa ya tarwatse, ya raba motar biyu, ya kuma yanke masa wani sashe na ƙafar dama. Da ya warke sai ya ƙera sabuwar mota wadda ya mayar da injinta bayan direba, ya ci babbar gasa da ita a 1971. Cikin 'yan shekaru sauran direbobi suka bi sahunsa, tsohon tsari ya kau. A yau mafiya gudu daga cikin motocin nan suna cinye mita 305 cikin ƙasa da daƙiƙa 4, gudunsu ya haura kilomita 500 a awa, har sai an saki lema a bayansu kafin su tsaya.

Da yawa daga tsofaffin motocin sun ƙone, ko an wargaza su an sayar da ƙarfen. Wasu kaɗan suna gidajen tarihi, kamar wanda Garlits ya kafa a Ocala ta Jihar Florida. Saboda haka mai ƙera samfurinsu yakan zama kamar mai binciken tarihi. Yana tara tsofaffin hotuna, yana ƙirga bututun hayaƙi, yana neman ainihin launin fenti da rubutun da yake jikin motar a shekarar da ta yi tsere. Har siririyar waya yake nema ya yi wa ɗan injin wayoyin fulogi. Idan ya kuskure abu ɗaya, alƙalan gasa za su gane.

Yadda Za Ka Ƙera Taka

Ba sai ka sayi kwali daga ƙasar waje ba. Kayan aikin duk suna kewaye da kai: kwali mai kauri, gwangwani, waya, tsinken tayar keke, bututun tsohon biro, marfin kwalba, tsohon silifas, gam, almakashi, filaya, rula da fensir.

Da farko, zaɓi mota guda ɗaya takamaimai. Kada ka ce “tirela” kawai. Ka ce tirelar da take tsayawa a gareji kaza, mai launi kaza. Ka nemi izinin mai ita ko makanikin da take hannunsa, ka gaishe shi da ladabi, ka gaya masa aikin makaranta ne. Kada ka kusanci motar da injinta yake aiki, kada kuma ka shiga ƙarƙashin kowace mota.

Na biyu, ka auna. Abubuwa biyar ne ba makawa: tsawo, faɗi, tsayi, tazarar tayoyi, da faɗin taya daga gefe zuwa gefe ta tsakiya. Idan ba ka da tef ɗin awo, yi amfani da igiya, ka ƙulla ta a inda awon ya tsaya, ka auna ta da rula daga baya. Ka zana motar ta gefe, ta gaba, ta baya, ka rubuta kowane awo a kan zanen.

Na uku, ka tsayar da sikeli, kuma ka fara daga taya. Bodi kana iya yanka shi yadda ka ga dama, amma taya abin da ka samu ne. A ce faɗin tayar babbar mota santimita 105 ne, kai kuma abin da kake da shi marfin gwangwani ne mai santimita 7. Raba 105 da 7, ka sami 15. Sikelinka ke nan, 1:15. Daga nan kowane awo da ka rubuta sai ka raba shi da 15. Wanda ya fara da bodi ya bar taya sai ƙarshe, shi ne yake ƙarewa da mota mai ƙafar akuya.

Na huɗu, ka yi gwaji da kwali tukuna. Zana kowane bango a kan takarda bisa sabon awo, ka bar ɗan kunne a gefe inda za a lanƙwasa a manna. Ka yanka, ka haɗa, ka duba. Kuskuren da aka yi a kwali ba ya cin komai, amma gwangwani idan ya yanku ya yanku.

Na biyar, ka haɗa shasi, wato ƙashin bayan motar. Ka yi shi da siririn katako ko waya mai kauri. Yanka bututun biro gida biyu, ka manna ɗaya a gaba ɗaya a baya, sannan ka zura tsinken keke a cikin kowanne ya zama sandar tayoyi. Dole bututun biyu su yi daidai da juna, kada ɗaya ya karkace, in ba haka ba motar za ta riƙa jan gefe. Hujin taya kuma ya zama a tsakiya cif. Ga dabara: zana da'irar tayar a takarda, ka yanke ta, ka ninka ta biyu, ka sake ninkawa. Inda layukan biyu suka gitta nan ne tsakiya.

Na shida, ka ɗora bodi, sannan ka yi ƙananan abubuwa: fitilu, madubi, bamba, salansa, lamba. Gilashi kana iya yanko shi daga farar gorar ruwa. A nan ne haƙuri yake aiki, sannu ba ta hana zuwa.

Na bakwai, fenti. Ka goge gwangwanin da yashi mai laushi ko takardar guga domin fentin ya kama. Ka shafa kaɗan-kaɗan sau biyu ko uku, kana bari yana bushewa, domin shafi ɗaya mai kauri zuba yake yi ya rufe ƙananan abubuwan da ka wahala a kansu. Ka guji yin fenti a waje lokacin hunturu, saboda ƙura.

Ka kiyaye lafiyarka. Bakin gwangwani kaifi gare shi kamar reza, don haka ka lanƙwashe shi ciki da filaya da zarar ka yanka. Kada ka yi amfani da gwangwanin maganin ƙwari ko na feshi, kuma kada ka huda shi ko ka kai shi kusa da wuta. Idan tsatsattsen ƙarfe ya yanke ka, wanke wurin da ruwa da sabulu, ka je asibiti, domin ta irin wannan rauni ake kamuwa da ciwon sandarewar jiki.

Tsere a Filin Makaranta

Idan kuna so ku ga dalilin siffar motocin tseren nan da idonku, to ku shirya naku. Rubu'in mil mita 402 ne. Idan aka raba shi da 25 zai ba da kimanin mita 16, wanda barandar makaranta za ta iya ɗauka. Injinku robar ɗaure kuɗi ce: a ɗaure bakinta ɗaya a gaban shasi, ɗayan kuma a naɗe shi a sandar tayoyin baya. Idan aka saki motar, robar tana warwarewa tana juya tayoyin.

Ku gwada abu uku. Ku canza girman tayar baya. Taya mai faɗin santimita 7 tana cin santimita 22 a kowane juyi, mai santimita 3.5 kuwa 11 kacal take ci, amma ƙaramar ta fi saurin zabura. Ku naɗa wa tayoyin baya roba, ku ga ko za su daina sulɓi a kan siminti. Sannan ku ɗaura ɗan dutse a gaban motar, daga baya ku mayar da shi baya, ku ga inda ya fi amfani. Ku rubuta sakamakon kowane gwaji, domin gani ya kori ji.

Me Ya Sa Za Mu Kula?

Yau motocin roba masu araha sun cika kasuwa, wayar hannu kuma ta ɗauke hankalin yara da yawa. Dabarar haɗa motar kara ba a rubuce take ba. Yaro yana koyon ta ne daga yayansa a gindin bishiya, kuma idan tsara ɗaya ta tsallake ta, to ta tafi. Haka su ma tsofaffin motocin da suka yi wa ƙasar nan aiki suna ƙarewa. Gingimari mai bodin katako, da Mercedes 911 mai gajeren hanci, da Peugeot 404, yawancinsu 'yan gwangwan sun sare su sun auna a kilo. Samfurin da aka ƙera bisa awo na gaskiya yana adana siffar motar ga waɗanda ba su gan ta ba, kamar dai yadda Amurkawa suke yi da motocinsu na tsere.

Ban da haka, sana'a ce mai gaba. Kamfanonin ƙera motoci har yau sukan fara da zane, su gina samfuri da yumɓu na musamman, kafin a taɓa ƙarfe. Masu zanen gine-gine ma haka suke yi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatun zanen motoci a Detroit, ya yi aiki da kamfanin General Motors inda ya zana siffar farko ta motar lantarki Chevrolet Volt, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar da take kula da zane da bunƙasa ƙera motoci ta Nijeriya. A Potiskum kanta akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, inda ake horar da malaman koyar da sana'o'in hannu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan kana da ƙane ko ƙanwa mai son wannan wasa, ka ba shi rula, ka nuna masa yadda ake raba awo.

Ma'anar Kalmomi

Samfuri: ƙaramin abu da aka ƙera ya yi kama da babba.
Sikeli: adadin da aka rage ko aka ƙara girman abu da shi.
Totuwa: farin abu mai laushi da yake cikin kara.
Gingimari: babbar motar ɗaukar kaya mai bodin katako.
A-kori-kura: ƙaramar motar ɗaukar kaya mai buɗaɗɗen baya.
Shasi: ƙarfen da inji da bodi da tayoyi suke zaune a kansa.
Zabura: tashi da sauri farat ɗaya.
'Yan gwangwan: masu sayen tsofaffin ƙarafa.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyu ne suka fitar da sunan Potiskum?
2. Kawo bambanci biyu tsakanin motar kara da motar gwangwani.
3. Wata mota tsawonta santimita 600 ne. Nawa ne tsawon samfurinta a sikelin 1:20?
4. Me ya sa tsofaffin motocin tseren Amurka suke da manyan tayoyi a baya?
5. Wane canji Don Garlits ya kawo, kuma me ya jawo shi?
6. Don me aka ce a fara tsayar da sikeli daga taya?
7. Bayyana ma'anar “gani ya kori ji”, sannan ka sa shi cikin jimla taka.

Aiki

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum huɗu-huɗu. Kowane rukuni ya zaɓi abin hawa ɗaya da ake gani a garinku, ya auna shi, ya ƙera samfurinsa cikin mako biyu. A rubuta sunan abin hawan da sikelinsa a kan ɗan kati, sannan mutum ɗaya ya tashi ya yi wa aji bayani da Hausa yadda aka yi aikin, daga awo har zuwa fenti.